Tambayoyi da amsoshi kan rage amsa-kuwwar ɗaki yayin ɗaukar murya a situdiyon gida

Me ya sa muryata take fita kamar daga cikin randa, alhali makirfona mai tsada ne?

Saboda makirfo murya biyu yake ɗauka a lokaci guda. Ta farko ita ce wadda ta fito daga bakinka ta shige shi kai tsaye. Ta biyu ita ce wadda ta bugi bango da silin da daɓen ƙasa sannan ta dawo. Sauti yana cin kusan mita 343 a daƙiƙa ɗaya, don haka idan bango yana nesa da kai da mita 2, muryar za ta je ta dawo cikin kashi 12 bisa dubu na daƙiƙa. Wannan tazara ta yi ƙanƙanta, kunne ba ya raba su gida biyu, sai dai ya ji muryar ta yi nisa, ta yi rami, ta rasa kaifinta. Shi kuwa makirfo mai tsada gaskiya yake faɗa. Abin da ke cikin ɗakin zai kwaso maka, mai daɗi da marar daɗi.

Yawancin ɗakunanmu na yanzu bulo ne da filasta, ƙasa tayil, sama silin mai santsi. Duk waɗannan suna mayar da kusan dukkan sautin da ya faɗa musu. Shi ya sa ɗakin da ya fi kyau a ido sau da yawa ya fi muni a makirfo. Dukan aikin da za a yi bayani a ƙasa abu ɗaya yake nufi: a ƙara ƙarfin murya ta farko, a rage ta biyu.

Yaya zan gane irin matsalar ɗakina?

Tsaya a inda kake ɗaukar murya, ka tafa sau ɗaya da ƙarfi, ka yi shiru ka saurara. Idan ka ji wata ƙara siririya mai karkarwa ta biyo bayan tafin, kamar an kaɗa waya, to sauti ne yake kai da komowa tsakanin bango biyu masu fuskantar juna. Idan kuma tafin ya yi jela mai tsawo, ɗakin gaba ɗaya ba shi da abin da zai sha sauti.

Gwaji na biyu ya fi wannan muhimmanci. Ɗauki muryarka na rabin minti, da kalmomi masu yankewa da sauri irin su "tak", "kap", "cik", sannan ka saurara da hedfon, ba da lasifika ba. Lasifika tana ƙara maka amon ɗakin a karo na biyu, sai ka kasa gane wanda aka ɗauka da wanda kake ji a yanzu. Abin lura shi ne abin da ya rage bayan kalmar ta ƙare. Wanda yake son awo na lambobi yana iya sauke manhajar Room EQ Wizard, kyauta ce, tana nuna tsawon lokacin da sauti ke ɗauka kafin ya mutu a ɗakin.

Ba ni da ko sisi na gyaran ɗaki. Daga ina zan fara?

Daga tazarar bakinka da makirfo, domin nan ne ake samun riba mafi girma ba tare da kashe komai ba. Duk lokacin da ka rage tazarar da rabi, muryarka ta kai tsaye tana ƙaruwa da desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), amon ɗakin kuwa yana nan kusan yadda yake. Mai tsayawa a santimita 40, idan ya matso zuwa 20 ya samu 6, idan ya ƙara matsowa zuwa 10 ya samu 12. Babu soson da za ka manna a bango ya ba ka wannan cikin minti ɗaya. Ga yawancin muryoyi, santimita 10 zuwa 15 ya wadatar, wato faɗin tafin hannu da ɗan ɗoriya. Sa rariyar tare iska kamar santimita 5 daga makirfon, ita ce za ta zama iyakar da bakin ba zai wuce ba.

Matsowa tana da nata farashin. Makirfo mai ɗauka ta fuska ɗaya yana ƙara wa murya kauri idan an kusance shi sosai, kuma haruffan "b" da "f" suna bugunsa da iska. Maganin shi ne a ɗan karkata shi, a sa shi daidai da hanci yana kallon baki, yadda iskar za ta wuce ta ƙasansa. Sannan mai waƙa ya riƙe tazararsa. Idan yana kusa, motsin kai na santimita 5 kawai yana sauya ƙarfin muryar sosai.

Abu na biyu shi ne inda kake tsayawa. Kada ka tsaya a tsakiyar ɗaki cif, kada ka shige kusurwa, kada kuma ka manne wa bango. Ka bar aƙalla mita ɗaya tsakanin makirfo da kowane bango idan ɗakin ya ba da dama, ka kuma ɗan karkace yadda ba za ka fuskanci bango ɗoɗar ba.

Idan na rage gen a sawun kad, ba zai rage ɗaukar ɗakin ba?

Ba zai rage ba. Gen, wato maɓallin ƙarfin shigar murya a sawun kad (na'urar da ke haɗa makirfo da kwamfuta), yana ɗaga murya da amon ɗaki tare, yana sauke su tare. Idan ka rage shi a wurin ɗauka, ka zo ka ɗaga a wurin haɗa sauti, amon zai dawo yadda yake. Abin da ke sa mutane zaton yana aiki shi ne, da an rage gen sai mai waƙa ya matso kusa, kuma matsowar ce ta yi aikin. Ɗauki murya a bit 24 (saiti ne a manhajar ɗauka), ka bar ƙololuwarta tana tsayawa tsakanin desibel 12 da 6 ƙasa da sifili a ma'aunin manhajar, shi ke nan.

A ina ya kamata in rataya bargo, gabana ko bayana?

Bayanka da farko. Nan ne mutane da yawa suke yin kuskure. Makirfon murya da aka fi amfani da shi yana ji sosai ta gaba, yana ji kaɗan ta gefe, inda sautin ke raguwa da kusan desibel 6, ta baya kuwa kusan kurma ne. Gabansa yana kallon bakinka, amma yana kuma kallon bangon da ke bayan kanka. Muryarka tana wuce makirfon, ta bugi bangon gabanka, ta dawo ta bugi na bayanka, sannan ta zo ta bisa kafaɗunka ta shige shi ta inda ya fi ji.

Saboda haka ka samo bargo mai kauri ko biyu, irin na lokacin sanyi, ka rataya a bayanka cikin siffar kusurwa, yadda zai rufe baya da gefuna biyu, daga saman kai zuwa aƙalla ƙugu. Igiyar shanya da aka ɗaure daga ƙusa zuwa ƙusa tana isa, ko sandunan makirfo biyu da aka miƙe hannuwansu. Kada ka shimfiɗa shi sumul a jikin bango. Ka bar masa tazarar santimita 10 zuwa 20, ka kuma bar shi da lanƙwasa irin ta labule. Katifar soso da aka jingine a tsaye ta fi bargo, domin ta fi shi kauri. Bayan an gama da baya sai a koma sama da gefe, sannan bangon gaba.

A duba wani abu kuma: makirfon kondensa (irin na situdiyo mai saurin ji) mai babban kai ta gefe ake yi masa magana, ta fuskar da tambarin kamfani yake a mafi yawansu. Wanda ya yi waƙa ta samansa ko ta bayansa, ɗakin zai ɗauka fiye da muryarsa.

Kiret ɗin ƙwai fa? Na ga an manna shi a situdiyo da yawa.

Asarar gam ce da lokaci. Ya yi kama da soson situdiyo a siffa, amma kwali ne siriri, babu kaurin da zai sha sauti. Haka ma farin fom ɗin da ake samu a kwalin firji ko talabijin, ƙofofinsa a toshe suke, iska ba ta ratsa shi, sai sauti ya buge shi ya dawo. Akwai gwaji mai sauƙi: kafa bakinka a jikin abin ka hura. Idan iska ta shiga da ɗan turjiya, zai sha sauti. Idan ba ta shiga sam, bango ne kawai mai laushi.

Akwai kuma batun wuta, wanda bai kamata a yi wasa da shi ba. A watan Fabrairun 2003, gobara ta tashi a wani gidan rawa da ake kira The Station a jihar Rod Ailan ta Amurka, ta hallaka mutum 100, kuma soson da aka manna a bango don rage ƙara shi ne ya yaɗa wutar cikin mintuna kaɗan. Kwali, soso da audugar rimi duk suna kamawa da sauri. A nisanta su daga soket, wayar wuta, ƙwan fitila mai zafi, kasko da maganin sauro na kunnawa.

Me ya sa ake ta nanata kauri? Na shimfiɗa kafet a bango huɗu amma muryar ta ƙara muni.

Kowane sauti yana da tsawon zangonsa. Siriri mai Hz 1000 (Hz shi ne yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa ɗaya) tsawonsa santimita 34 ne, mai Hz 500 santimita 68, mai kauri na Hz 100 kuwa mita 3 da kusan rabi. Abu mai laushi yana shan sauti sosai ne idan kaurinsa ya kusanci rubu'in wannan tsawon. Wato soso mai santimita 5 yana aiki da kyau daga wajen Hz 1700 zuwa sama, mai santimita 10 daga wajen Hz 850, kodayake dukansu suna ɗan taɓa abin da ke ƙasa da haka. Kafet bai fi santimita ɗaya ba. Abin da yake yi shi ne ya kwashe kaifin muryar, ya bar kaurin yana ta yawo a ɗakin. Sakamakon shi ne murya mai duhu, mai gunji, kamar ana magana a cikin akwati. Tafi zai nuna maka kamar ɗakin ya mutu, makirfo kuwa zai nuna akasin haka.

Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da ƙafa 12 faɗi, irin wanda ya cika gidajen haya, yana da ƙarin matsala. Tsakanin bango biyu masu tazarar mita 3.66, sauti yana taruwa ya yi kumburi a wajen Hz 47, da ninkinsa: 94, 141, 188. Tunda tsawo da faɗi ɗaya ne, kumburin yana ninkuwa a lambobi iri ɗaya. Tushen muryar namiji yana tsakanin Hz 85 da 180, don haka wasu sautuka za su riƙa fitowa da gunji, wasu su ɓace. Wannan ba aikin bargo ba ne. Yana buƙatar abu mai kauri na santimita 15 zuwa sama a kusurwoyi, inda kaurin sauti ya fi taruwa. Katifa da aka tsayar ta tare kusurwa, ko sif cike da kaya a buɗe, suna taimakawa.

Yaya ake haɗa allon shan sauti a gida?

Abin da ya fi aiki shi ne audugar dutse ko audugar gilashi da ake sayarwa don ginin gidaje, irin su Rockwool RWA45 ko Owens Corning 703, masu nauyin kilo 45 zuwa 60 a kowace mita kubik, wato mita ɗaya tsawo, faɗi da tsayi. Yawanci suna zuwa fallaye masu santimita 120 da 60. Ka sa kafinta ya haɗa firam daidai wannan girman da katako mai faɗin santimita 10, ba tare da ya rufe bayansa da falanki ba. A jera falle biyu masu santimita 5 a ciki, a ja yadi a lulluɓe gaba, a kama shi ta baya da ƙananan ƙusoshi, a rufe bayan da wani yadin mai araha don kada ɓurɓushi ya riƙa zuba. Yadin ya zama mai barin iska ta wuce. Leda mai kauri da fatar kujera ba su dace ba. Mai aikin ya sa safar hannu, takunkumi da riga mai dogon hannu, a kuma yi yankan a waje, domin audugar tana sa ƙaiƙayi kuma ba a son shaƙar ƙurarta.

Wurin rataya, a bar tazarar santimita 5 zuwa 10 tsakanin allon da bango ta hanyar ɗora guntayen katako a bayansa. Wannan iskar da ke baya tana sa allon ya kai ga sauti mai kauri kamar an ƙara masa jiki. Audugar kaɗai ta haura kilo 3, da katako ya ninka, don haka wanda za a rataya a sama da kai sai an kafe shi sosai a jikin katakon rufi, ba a jikin silin ba.

Inda ba a samu audugar dutse ba, a cika firam ɗin da tsofaffin tawul ko barguna na gwanjo da aka ninka har suka kai santimita 10, ba tare da an danne su sun yi tauri ba.

Allo nawa nake buƙata?

Akwai lissafi. Wani malamin jami'ar Habad a Amurka, Wallace Sabine, shi ya gano shi bayan an ba shi aikin gyara wani zauren lacca mai amsa-kuwwa a 1895. Ya riƙa kwaso matasan kujeru daga wani zaure da dare yana zubawa, yana auna yadda sauti ke raguwa. Lissafin shi ne: a ninka girman ɗaki da 0.161, a raba da yawan abin da ke shan sauti, sai a samu daƙiƙoƙin da sauti ke yi kafin ya ragu da desibel 60. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12, mai tsayin mita 3, girmansa (tsawo sau faɗi sau tsayi) kusan mita kubik 40 ne. Don a sauko da jelar sautin zuwa daƙiƙa 0.4, ana buƙatar abin shan sauti na kusan murabba'in mita 16. Allo ɗaya yana ba da kusan 0.7. Gado, labule, darduma da kayan sawa suna cike wani kaso. A aikace, allo 6 zuwa 8 da aka tara a kewayen inda ake tsayawa sun fi 20 da aka watsa don ado: biyu ko uku a baya, ɗaya a kowane gefe, ɗaya ko biyu a sama, sauran a gaba. A ƙasa kuma darduma mai kauri.

Garkuwar da ake ɗaurawa a bayan makirfo tana aiki?

Tana ɗan rage abin da ke fita zuwa ɗakin da abin da ke shigowa ta gefe, amma tana tsaye ne a inda makirfon dama ba ya ji sosai. Ita kaɗai ba ta isa. Da bargo a bayan mai waƙa tana da amfani. Kada a tura makirfon can cikinta, a bar kansa daidai da bakinta, in ba haka ba ita ma za ta ba muryar nata launin.

In shiga cikin sif ko in gina ɗan ƙaramin ɗaki na falanki?

Ƙaramin wuri ba ya kashe amo, sauya masa kama yake yi. Akwati mai faɗin mita ɗaya yana kumbura sauti a wajen Hz 170 da 340, daidai cikin jikin murya, kuma siririn soso ba zai taɓa waɗannan ba. Idan har za a gina, kowane bango sai ya samu abin sha na santimita 10 zuwa sama, a kuma yi tunanin iska, domin a watan Afrilu babu mai iya minti 10 a ciki muryarsa ba ta canza ba. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka buɗe ƙofofin sif cike da tufafi, ka juya masa baya, ka yi waƙa kana fuskantar faɗin ɗakin.

Shin makirfon dainamik ya fi na kondensa a ɗakin da ba a gyara ba?

Sau da yawa ya fi, amma dalilin shi ne ana yi masa magana baki kusa, santimita 3 zuwa 5, irin yadda ake yi da Shure SM58 ko SM7B, kuma ba ya kwaso siririn sauti kamar kondensa irin AT2020. Idan ka ja baya daga dainamik zuwa santimita 30, shi ma ɗakin zai ɗauka. SM7B yana buƙatar gen mai yawa, kusan desibel 60, don haka a tabbata sawun kad zai iya ba tare da ya kawo shuu ba.

Na gyara bango amma muryar tana da wani rami-rami. Daga ina?

Duba abin da ke kusa da makirfon: tebur, allon kwamfuta, gilashin taga, abin ɗora takardar waƙa. Idan sautin da ya bugi tebur ya yi tafiyar da ta fi ta kai tsaye da santimita 34, yana isowa a makare da kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, sai ya soke muryar a Hz 500, 1500, 2500 da sauransu. Ikwalaiza, wato manhajar ƙara ko rage kauri da kaifin sauti, ba ta gyara wannan. Shimfiɗa tawul mai kauri a teburin, ko ka janye makirfon ya fita daga samansa. Masu karatun Alƙur'ani, wa'azi ko karanta littattafai a zaune su suka fi cin karo da wannan.

Wannan gyaran zai tare ƙarar janareta da ababen hawa?

A'a, aiki ne daban. Shan sauti yana gyara cikin ɗaki. Tare ƙarar waje kuwa nauyi yake buƙata da toshe kafofi: ƙofa mai nauyi, roba a gefunanta da ƙasanta, taga mai rufuwa ruf. Mafi arha shi ne zaɓen lokaci, da nisanta janareta, da sanyaya ɗakin tukuna sannan a kashe fanka da na'urar sanyi kafin a danna ɗauka.

An riga an ɗauka da amon. Manhaja za ta iya cire shi?

Tana ragewa, ba ta mayar da shi kamar ba a yi ba. Fara da yanke duk abin da ke ƙasa da Hz 80 ga namiji, 100 zuwa 120 ga mace. Nemo inda gunjin yake tsakanin Hz 200 da 500 ka rage desibel 2 zuwa 4. Yanke shirun da ke tsakanin baituka da hannu, ka sassauta bakin kowane yanka don kada a ji an datse. Idan za ka yi amfani da get, wato abin da ke rufe sauti idan murya ta yi shiru, kada ka bar shi yana rufewa ruf, rage desibel 6 zuwa 10 ya isa, in ba haka ba zai riƙa cinye ƙarshen kalmomi. Manhajoji irin su iZotope RX da Acon Digital DeVerberate suna da sashen cire amo. A sa su a farkon layi kuma da sauƙi, domin idan aka matsa musu muryar tana komawa kamar ana magana a ƙarƙashin ruwa.

Kwamfuresa, wato manhajar daidaita ƙarfin murya, tana ɗago duk abin da ke ƙasa-ƙasa, har da amon ɗaki, shi ya sa muryar da ta yi daidai a wurin ɗauka take lalacewa a wurin haɗawa. Auto-Tune, mai gyara karin murya, shi ma yana ruɗewa idan jelar sautin baya ta hau kan na gaba. Masu jera amshi su fi kowa kula: layi 8 na murya daga wuri ɗaya yana nufin an tara launin ɗakin sau 8. Idan 'yan amshi za su kewaye makirfo ɗaya, dole su ja baya, don haka ɗakin yana buƙatar ƙarin barguna fiye da na mai bayarwa shi kaɗai, ko kuma a ɗauke su ɗaya bayan ɗaya daga kusa.

Mai waƙa ya ce ba ya iya rerawa sai da eko. Yaya za a yi?

A ba shi eko a hedfon kawai, a ɗauki muryar a bushe. A manhajar ɗauka irin FL Studio ko Cubase, a tura muryar zuwa wani layi daban mai eko don sauraro, ba a ɗora shi a kan abin da ake naɗa ba. Hedfon ya zama mai rufaffen baya, a kuma rage ƙararsa don kada kiɗan ya zubo cikin makirfon. Idan ya cire kunne ɗaya don ya ji kansa, a kashe sautin wannan ɓangaren, ko ya danne shi a jikin kansa a bayan kunne.